Yin Bishara a Unguwa, Kasuwa da Wurin Aiki: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa a ajin almajiranci, a taron matasa da na Zumuntar Mata, da kuma a ƙofar coci bayan an tashi sujada. Yawancin masu yin su teloli ne, malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan acaɓa, da mata masu sayar da abinci. Suna zaune cikin mutanen da suka san su ciki da waje, da yawa daga cikin mutanen nan Musulmi ne, kuma gobe ma tare za a wayi gari a layi ɗaya. Da wannan a zuciya na amsa kowace tambaya.

Mece ce bishara, kuma me ake nufi da ba da shaida?

Bishara labari ne mai daɗi, irin wanda idan an kawo shi ake cewa "albishirinka", a amsa da "goro". Labarin shi ne Allah ya aiko Yesu Almasihu domin ya sulhunta mu da kansa, ya mutu saboda zunubanmu, ya kuma tashi daga matattu. Shaida kuwa ita ce faɗin abin da kai da kanka ka gani, kamar yadda ake yi a gaban alƙali. Mai shaida ba ya yanke hukunci, ba ya kuma tilasta wa kowa ya yarda. Ya faɗi abin da ya sani, ya koma ya zauna.

Wannan ba aikin fasto da mai bishara ba ne?

Suna da nasu rabon, amma fasto ba ya shiga garejin da kake gyaran mota, ba ya zama a rumfar da kike soya ƙosai. A Ayyukan Manzanni sura 8, da tsanani ya taso a Urushalima bayan kisan Istifanas, masu bi suka warwatse, manzanni suka tsaya a birni. Waɗanda suka warwatse ɗin nan, talakawan ikilisiya, su ne suka yi ta faɗin maganar duk inda suka je. A Sarakuna na Biyu sura 5 ma, wata yarinya da aka kamo a yaƙi, wadda ko sunanta ba a rubuta ba, ita ce ta gaya wa uwargijiyarta inda Na'aman zai sami warkewa daga kuturta.

Haka abin ya tafi a ƙasarmu. Turawan mishan ba su da yawa, kuma a zamanin mulkin mallaka an taƙaita musu shiga masarautun Musulmi. Manoma, 'yan ƙwadago a ma'adinan kuza na Jos, ma'aikatan jirgin ƙasa da malaman ƙauye ne suka ɗauki maganar zuwa wuraren da Bature bai taka ba, kuma da Hausa suka ɗauke ta. A shekarun 1960, shirin Sabon Rai Don Kowa ya ginu a kan wannan tunani: a koyar da kowane mai bi, a yi addu'a a ƙananan ƙungiyoyi a gidaje, sannan a fita bibbiyu. Tsofaffinmu da yawa har yau suna tunawa da shi.

Ban san Littafi Mai Tsarki sosai ba, ban kuma iya magana ba. Me zan faɗa?

Mutumin da aka haifa makaho a Yohanna sura 9 ya sha tambayoyi daga malaman da suka fi shi ilimi nesa ba kusa ba. Bai iya amsa yawancinsu ba. Abin da ya riƙe shi ne dā shi makaho ne, yanzu kuwa yana gani. Wannan kaɗai ya hana su sakat. Kai ma kana da abin da ka sani: abin da ka gaskata, da abin da Ubangiji ya yi maka.

Idan aka yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce, "Gaskiya ban sani ba, amma bari in tambayo, zan dawo maka." Sai ka tambayo ɗin, ka kuma dawo. Mutane sun fi yarda da wanda ya ce bai sani ba a kan wanda ya ƙaga amsa nan take. Duk da haka rashin sani ba wurin zama ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka ɗauki bisharar Markus, sura 16 ce kawai, ka karanta ta daga farko har ƙarshe, sannan ka sake.

Idan halina yana da kyau, bai isa ba? Dole sai na buɗe baki?

Hali ne yake buɗe ƙofa, amma bai iya faɗin suna ba. Maƙwabcinka zai ga ba ka cin amana, ba ka zagin matarka, kana biyan bashi, sai ya ce, "Wane mutumin kirki ne, iyayensa sun yi masa tarbiyya." Yabon ya tsaya a kanka da gidanku. Ba zai san cewa akwai wanda ya gafarta maka ya sāke ka ba sai ka faɗa. Bulus ya yi tambaya a Romawa sura 10: ta yaya za su gaskata da wanda ba su ji labarinsa ba?

Ɗaya gefen kuma ya fi zafi, kuma shi ne ya fi damuna. Telan da ya karɓi kuɗin ɗinkin Sallah ya ɓace, matar da ta ci kuɗin adashe, ma'aikacin da ba ya sa hannu a takarda sai an ba shi na goro, duk sun riga sun yi wa'azi, kuma unguwa ta ji. Idan da wanda ka cuta a cikin waɗanda kake so ka yi wa magana, fara da zuwa ka biya shi, ka nemi gafara. Wannan ziyarar za ta yi aikin da takardun bishara ɗari ba za su yi ba.

Ta yaya zan fara zancen ba tare da ya zama kamar na ɗana tarko ba?

A nan Allah ya sauƙaƙa mana. A ƙasar Hausa sunan Allah yana bakin kowa daga gaisuwar safe har sai da safe. Ana maganar mutuwa, arziki, ƙaddara da lahira a teburin mai shayi kamar yadda ake maganar farashin taki. Ba sai ka ƙirƙiro hanya ba. Ka yi gaisuwa cikakkiya, ka tambayi gida da iyali da gajiya, ka saurara. Yesu a bakin rijiya a Samariya da roƙon ruwan sha ya fara, ya sa kansa a matsayin mai bukata. Filibus kuma, a Ayyukan Manzanni sura 8, da ya tarar da wani Bahabashe yana karatun littafin Ishaya a karusarsa, tambaya ya yi masa ko yana fahimtar abin da yake karantawa, bai hau ba sai da aka gayyace shi.

Yawanci ƙofar tana buɗewa a lokacin damuwa: yaro ba lafiya, kasuwa ta tsaya, an yi rashi. Kana iya cewa, "Malam, ni Kirista ne ka sani, idan ba damuwa zan sa ka a addu'a." Da wuya ka ga wanda zai ƙi. Ka yi addu'ar da gaske, bayan kwana biyu ka tambayi jikin yaron. Idan ya tambaye ka abin da ya sa hankalinka yake kwance alhali kai ma kana cikin matsala, to lokacin magana ya yi. Abin da Bitrus yake nufi ke nan a wasiƙarsa ta fari, 3:15, da ya ce mu zauna a shirye mu amsa wa mai tambayar dalilin begenmu, da tawali'u da ladabi.

Yaya zan ba da shaidata?

A gajarce, da gaskiya, da kalmomin da ake magana da su a gida. Yadda kake a dā, yadda ka san Yesu, abin da ya sāke. Minti uku sun isa. Ka guji kalmomin da sai ɗan coci yake ganewa. Idan ka ce "an wanke ni da jinin Ɗan Rago" ga wanda bai taɓa jin labarin Idin Ƙetarewa ba, zai ji wani abu dabam.

Kada ka ƙara gishiri. Wasu suna jin kunya don an haife su a gidan Kirista, ba su taɓa shaye-shaye ko tsafi ba, sai su ga kamar ba su da labari. Suna da shi. Wanda ya ce, "Ina da zafin zuciya, na yi shekara biyar ba na magana da yayana, Ubangiji ya karya ni na je na roƙe shi," ya faɗi abin da kowane mai sauraro zai gane a jikinsa. Kada kuma ka yi alkawarin da Yesu bai yi ba, wato duk wanda ya bi shi zai yi kuɗi ko ba zai ƙara ciwo ba.

Idan aka ce in faɗi bisharar kanta a taƙaice fa?

Bulus ya taƙaita ta a Korintiyawa ta Fari 15:3-4: Almasihu ya mutu domin zunubanmu kamar yadda Littattafai suka faɗa, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku. Kana iya shimfiɗa ta haka: Allah ɗaya ne, mai tsarki, shi ya halicce mu. Dukanmu mun saɓa masa, kuma aikin kirkinmu bai kai ya biya ba. Saboda ƙaunarsa ya ɗauki nauyin a kansa ta wurin Yesu. Wanda ya tuba ya dogara gare shi ya sami gafara kyauta. Wani lokaci labari ya fi bayani shiga: ba da labarin ɗan da ya ɓace a Luka sura 15 kamar yadda ake ba da labari a dandali, ka tsaya inda uban ya hango shi daga nesa ya sheƙa a guje, ka bar mai sauraro ya yi tunani.

Doka ta yarda in yi wa wani maganar addinina?

A Najeriya, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya addini da na yaɗa shi ta hanyar ibada da koyarwa. Wannan 'yancin na Kirista ne, na Musulmi ne kuma. Wanda yake so a saurare shi, sai shi ma ya saurara idan abokinsa ya yi masa wa'azin Musulunci. Dokokin hukunta laifuka na ƙasar kuma sun hana cin mutuncin addinin wani a fili.

Abin da ke takarda dabam, yanayin gari dabam. Tun da Zamfara ta fara a 1999, jihohi 12 na Arewa suka ɗauki shari'ar Musulunci a fannin laifuka, kuma abin da za a yi a Kagoro ko Numan ba a jin komai, a wata unguwa a Gusau ko Sakkwato yana iya tayar da fitina. Wa'azin lasifika a kasuwa ko a tasha yana da nasa hukunci da izini, kuma wannan shawarar shugabannin ikilisiyar wurin ce, kada matashi ya yanke ta shi kaɗai. Abin da muke magana a kai a nan shi ne hira tsakanin mutum da wanda ya san shi, da yardar juna. Yesu ya ce mu zama masu wayo kamar macizai, marasa ɓarna kamar kurciyoyi, kuma duka biyun umarni ne.

Maƙwabcina Musulmi ne. Me ya kamata in kiyaye?

Na farko, kuma ba sassauci a kansa: kada ka taɓa Annabinsa ko Alƙur'ani da mummunar magana, ko da wasa, ko da an tsokane ka. Dalilin bai tsaya ga tsoron abin da zai biyo baya ba, ko da yake mun ga abin da ya faru a Kafanchan a 1987, inda rikicin da ya fara daga wani taron wa'azi a kwalejin horar da malamai ya bazu zuwa Kaduna, Zariya da Funtuwa. Dalili mafi girma shi ne ba a aike ka zagi ba. Bulus ya tsaya a Atina, birni cike da gumaka, ya fara da yaba himmarsu ta ibada, har ya kawo maganar mawaƙansu. Idan aka tambaye ka ra'ayinka a kan Annabi Muhammadu, kana iya cewa, "Alhaji, ni mai bin Yesu ne, abin da na sani ke nan, shi zan iya ba ka labarinsa."

Sai ƙananan abubuwa masu nauyi. Kada ka ajiye Littafi Mai Tsarki a ƙasa ko ka miƙa shi da hagu, domin a idon maƙwabcinka wanda bai girmama littafinsa ba bai ɗauke shi da muhimmanci ba. Idan an kira salla, dakata ka ba shi wuri. Kada ka yi masa maganar a gaban jama'a inda dole ya kare kansa don kada a ce ya yi sanyi. Ka tambaye shi abin da ya gaskata maimakon ka gaya masa abin da ka ji an ce Musulmi sun gaskata. Zai gaya maka yana girmama Annabi Isa ɗan Maryamu, ya yarda budurwa ce ta haife shi, ya yarda ya warkar da makafi da kutare. Zai kuma gaya maka bai yarda an gicciye shi ba. Kada ka ɓoye wannan bambancin don a rabu lafiya, domin gicciye da tashin matattu su ne zuciyar abin da muka gaskata. Ana iya faɗin sa da murya ƙasa-ƙasa, a kuma ci gaba da shan shayi tare.

Namiji ya yi magana da namiji, mace da mace. Saurayin da ya ce yana yi wa 'yar maƙwabta bishara a zaure da dare ya jawo wa kansa da ikilisiya zargin da ba zai wanku ba.

Suna cewa muna bauta wa Allah uku, kuma wai mun ce Allah ya haihu. Me zan ce?

Fara da abin da Yesu da kansa ya ce da aka tambaye shi umarni mafi girma, a Markus 12:29: Ubangiji Allahnmu Ubangiji ɗaya ne. Babu Kiristan da ya gaskata da Allah uku, kuma Maryamu ba ta cikin Triniti, ko da yake wasu suna zaton haka muke cewa. Mun gaskata Allah ɗaya ya bayyana kansa a matsayin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kada ka yi ƙoƙarin ƙure wannan da misalin ƙwai ko na ruwa da ƙanƙara, duk suna da inda suke karyewa, kuma mai kaifin hankali zai gano wurin.

Game da "Ɗan Allah", abin da yake ɓata wa Musulmi rai shi ne tunanin Allah ya yi aure ya haihu kamar mutum. Ka gaya masa a fili cewa wannan tunanin saɓo ne a wurinmu ma. Hausa kanta tana amfani da "ɗa" ba tare da haihuwa ba: ɗan gari, ɗan kasuwa, ɗan hanya. Wannan yana taimakawa a kawar da rashin fahimta, amma bai kai ga cikakkiyar ma'anar ba. Abin da muke nufi shi ne Yesu Kalmar Allah ne tun fil'azal, wanda ya zama mutum ya zauna a cikinmu, kamar yadda farkon bisharar Yohanna ya faɗa. Idan ya ce bai yarda ba, ka gode masa da ya saurara. Aƙalla yanzu abin da muka gaskata ne ya ƙi, ba abin da aka ce mun gaskata ba.

An ce an canza Linjila, shi ya sa muke da Littafi Mai Tsarki iri-iri. Gaskiya ne?

Iri-irin da ake gani fassarori ne. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, ɗan kaɗan da Aramaik, Sabon Alkawari kuma da Helenanci. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa ya ja gaba tare da wasu, har da Hausawan da suka taya shi. Bayan kusan shekara 50 aka fito da sabuwar fassara domin Hausar ta yi daidai da ta zamani, shi ya sa wani littafin yake cewa Matta da Yohanna, wani kuma Matiyu da Yahaya. Mutum ɗaya ne, sura ɗaya, aya ɗaya.

Rubuce-rubucen hannu na Sabon Alkawari da Helenanci da suka rage sun haura 5,000. Akwai wanda ake kira Sinaitikus, na ƙarni na 4, mai ɗauke da Sabon Alkawari gaba ɗaya, yawancinsa yana ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan, kuma an sa hotunansa a intanet. A 1947 aka gano naɗaɗɗen littafin Ishaya a kogon Kumran kusa da Tekun Gishiri, wanda aka rubuta tun kafin haihuwar Yesu. Akwai ƙananan bambance-bambance tsakanin kwafe-kwafen, irin na masu kwafa da hannu, kuma masana ba su ɓoye su ba, ana nuna su a ƙasan shafi. Ka faɗi wannan da kanka tun kafin a faɗa maka. Daga nan sai ka tambaye shi a hankali ko ya taɓa karanta Linjilar da idonsa, ka ce idan yana so za ka ara masa.

Idan hira ta koma gardama fa?

Ka tsaya. Bulus ya gaya wa Timoti cewa bawan Ubangiji ba mai husuma ba ne. Magana zarar bunu ce, kuma wadda ta fita cikin fushi ita ake tunawa. Ka ce, "Mu bar shi nan, zumuncinmu ya fi mini wannan musun," ka koma zancen damina. Na taɓa kayar da wani abokin aikina a musu a gaban mutane, na koma gida ina jin daɗi, shi kuwa bai ƙara tambayata komai game da Yesu ba har aka yi masa canjin wurin aiki. Har yau abin yana damuna.

Taimakon da muke yi wa mutane, ba sayen su muke yi ba?

Zai zama saye idan akwai sharaɗi. Duk wanda ya ce "zo coci in biya maka kuɗin makaranta" ya ci mutuncin talaka, ya kuma ci mutuncin bishara. Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya ne ya dawo ya gode, bai kuma janye warkarwar sauran taran ba. Asibitin Galmi da ke Jamhuriyar Nijar, wanda ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission (SIM) ta buɗe a 1950, yawancin marasa lafiyar da yake karɓa Musulmi ne, kuma ba a tambayar mutum ya sauya addini kafin a duba shi. Ka ba da hatsi ga gwauruwar da ke layinku don tana jin yunwa. Idan ta tambayi dalili, ka faɗa mata. Idan ba ta taɓa tambaya ba, baɗi ma ka kai mata.

A wurin aiki ko makaranta fa?

Lokacin aiki na mai biyanka albashi ne. Nas ɗin da ta bar mara lafiya yana jira tana wa'azi ba ta girmama Ubangiji ba. Ka yi aikinka da kyau, maganar ta zo a lokacin hutu ko a hanyar gida.

Ka kula sosai idan kana sama da mutum: kai ne maigidan shago shi yaronka, ke ce uwar ɗaki ita 'yar aikinki, kai ne malami shi ɗalibi. Wanda abincinsa yake hannunka ba shi da bakin cewa a'a, saboda haka "to" ɗinsa ba ta nuna abin da ke zuciyarsa. Yara kuwa amanar iyayensu ne. Sashe na 38 ɗin nan da aka ambata a tambayar doka ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Kada ka ja ɗan maƙwabci zuwa makarantar Lahadi a ɓoye. Ka tuna yadda za ka ji idan aka yi wa naka haka.

Mijina ko iyayena ba masu bi ba ne. Yaya zan yi?

Gida ya fi ko'ina wuya, domin sun san ranar da ka yi ƙarya kana yaro. Bitrus ya shawarci matan da mazansu ba su gaskata ba cewa halinsu yana iya jawo mazan ba tare da magana ba. 'Yar'uwa, idan kin riga kin faɗa sau ɗaya a fili, ba sai kin maimaita kowace safiya ba, kada kuma ki ƙure rediyo da wa'azi don ya ji. Ga iyaye kuma, ɗa ba ya zaunar da mahaifinsa ya yi masa lacca. Ka ƙara yi musu biyayya fiye da dā, ka riga kowa zuwa gona, ka riga kowa kai su asibiti. Idan Baba ya tambaya, ka durƙusa ka amsa. Idan zaman ya kai ga duka ko barazana ga rai, wannan ya wuce batun haƙuri, a sanar da dattawan ikilisiya nan da nan.

Zan iya zuwa suna, biki da ta'aziyyarsu? Naman Sallah fa?

Je ka. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ba a gani a ranar kuka ba za a saurare shi a ranar hira ba. A wurin ta'aziyya ka zauna, ka yi gaisuwa, ka ce Allah ya ba da haƙuri. Wurin makoki ba wurin wa'azi ba ne. Game da naman layya, Kiristoci sun bambanta: da yawa suna karɓa da godiya, su ma su aika da shinkafa da kaza ranar Kirsimeti, wasu kuma lamirinsu bai ba su ba. Romawa sura 14 ta ce kada mai ci ya raina marar ci, kada marar ci ya hukunta mai ci. Idan ba za ka ci ba, kada ka mayar da kwanon a gaban ɗan aiken.

Tura ayoyi a WhatsApp da Facebook bishara ce?

Tana iya zama, idan ka zaɓi aya ɗaya domin mutum ɗaya da ka san halin da yake ciki. Tura saƙo ɗaya ga mutum 200 kowace asuba yakan sa a daina buɗe saƙonka. Zauren unguwa ko na 'yan ajinku da aka buɗe don wani abu dabam ba wurin wa'azi ba ne, kuma abin da aka faɗa a sama game da gardama ya fi tsanani a nan, domin rubutu ba ya mutuwa, ana ɗaukar hotonsa a kai inda ba ka zata ba. Kada ka tura bidiyon da ake zagin wani addini, ko labarin mu'ujizar da ba ka tabbatar ba.

Wani ya ce yana so ya bi Yesu. Me zan yi?

Kada ka yi gaggawa, kada kuma ka yi shela. Zauna da shi ka ji abin da ya fahimta da abin da yake nema. Yesu ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Gaya masa gaskiya cewa a wasu gidaje wannan shawarar tana iya raba shi da gado, da mata, da wurin kwana. Shi ne zai zaɓi lokacin da zai faɗa wa danginsa da yadda zai faɗa. Nikodimu da dare ya fara zuwa, Yesu bai kore shi ba. Kada ka ɗauki hotonsa, kada ka sa sunansa a zauren addu'a na waya, kada ka tsayar da shi gaban ikilisiya ya ba da shaida a makon farko.

Ka haɗa shi da fasto ko dattijo mai riƙon asiri, ku riƙa karatu tare. Baftisma tana zuwa bayan koyarwa. Ka ƙarfafa shi ya ci gaba da girmama iyayensa, ba sai ya sāke suna ko sutura ko ya daina Hausar gidansu ba. Idan yarinya ce ko yaron da bai balaga ba, kada ka ɗauke shi daga gidan iyayensa, kai wa shugabanni maganar. Idan kuma aka kore shi, to ranar ce za a san ko da gaske muke da muka kira shi ɗan'uwa, domin zai bukaci ɗaki, abinci da sana'a, ba na mako ɗaya ba.

An ƙone mana coci, an kashe mana mutane. Gaskiya zuciyata ba ta son yi musu bishara.

Ba zan ce maka ciwon ƙarami ne ba, kuma ba na gaggauta wa wanda ya binne nasa. Kai wa Ubangiji fushin yadda yake, Zabura cike take da irin wannan kuka. Yunana ma gudu ya yi don ba ya so mutanen Nineba su sami jinƙai, kuma yana da dalilinsa, domin Assuriyawa sun yi suna wajen zalunci. Allah bai bar shi a wurin ba.

Ka kuma tuna cewa "su" ɗin nan ba mutum ɗaya ba ne. A watan Yunin 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Mai gadin layinku da mai kayan miyan da take ba ki bashi ba su ne suka ƙone cocin ba. Idan ba ka iya magana tukuna, fara da ambaton sunan mutum ɗaya a addu'a kowace rana.

Na yi shekaru ina addu'a ina magana, ko mutum ɗaya bai tuba ba. Na kāsa ne?

A 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ya sake zuwa, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Patigi. Daga wannan aikin ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa tsiro. Sāke zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma mutumin da kake yi wa magana yana da 'yancin ya ce a'a har ƙarshen ransa. Abin da za ka bincika a kanka shi ne ko ka faɗi gaskiya a fili, ko halinka bai ƙaryata ta ba, da kuma ko maƙwabcin da ya ce maka "a'a" shekara goma da suka wuce har yanzu kana zuwa duba shi idan ba shi da lafiya.